Motar Auta Ta Yi Shiru

INNA: Salamu alaikum. Halo? Auta, kai ne, ko na sake danno mai gyaran famfo?

AUTA: Wa alaikumus salam. Ni ne, Inna. Ina wuni?

INNA: Lafiya lau. To madalla. Jiya da na danna sai na ji wani ƙato yana tambayata ko famfon ya sake tsiyaya. Ya gida?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya ƙarfin jiki?

INNA: Da sauƙi. Ya maiɗakin naka? Ya jikokina?

AUTA: Duk lafiya, suna gaishe ki.

INNA: Ina amsawa. Ƙaramar ta daina tarin nan?

AUTA: Ta daina tuni.

INNA: Alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya maigidan naku mai fushin safe?

AUTA: Yana nan yadda kika san shi. Ya idon? Kina ɗiga maganin kuwa?

INNA: Ina ɗigawa, rabi a ido rabi a kumatu. Ido dai sai godiya. Mutum ya tsaya a gabana sai in ga kamar an rataye riga a ƙofa. Kunnen ne bai ci amanata ba. Kai, wane irin buge-buge ne haka a bayanka?

AUTA: Bari in matsa gefe. Inna, kashe in kira ki, kada katinki ya ƙare.

INNA: A'a, ƙyale ni. In na kashe sai wani abu ya taso maka. Ina kake?

AUTA: Ina wajen 'yan gwangwan.

INNA: 'Yan wa? Layin yana tsinkewa.

AUTA: 'Yan gwangwan! Inda ake tara matattun motoci ana fasawa, ana sayar da kayan jikinsu.

INNA: Innalillahi! Motar ce ta mutu? Wallahi sai da na faɗa. Na ce wa maƙwabciyata matar tela, ko dai yaron nan ba shi da lafiya ana ɓoye min, ko motar ce ta kwanta.

AUTA: Ba mutuwa ta yi ba, Inna. Gyara ne kawai. Robar inji muka zo nema ni da bakanike.

INNA: Inji da roba kuma? Ba ƙarfe ba ne?

AUTA: Ƙarfe ne, amma ba a kan ƙarfe yake zaune ba. Akwai wasu robobi masu kauri, guda uku, da ake ɗaure shi a kansu. Kin san yadda kike cusa tsumma a ƙarƙashin ƙafar teburinki don ya daina rawa? To haka. Nawa sun tsattsage, shi ya sa da na tayar da ita komai ke karkarwa, har sitiyari.

INNA: To ba a sayar da sababbi ne, sai an je an tone na matattu?

AUTA: Ana sayarwa, amma ba su da ƙwari, kafin ka ankara sun sake fashewa. Bakanike ya ce gara na asali da suka zo a jikin mota, ko da sun sha aiki. Na wata babbar mota muka samu, sun fi nawa kauri. Sai an ɗan faɗaɗa ramin noti kafin su zauna.

INNA: Ita babbar motar me ya kawo ta nan?

AUTA: Haɗari ta yi.

INNA: Subhanallahi! Kayan motar haɗari za ka sa a taka?

AUTA: Ta baya aka buge ta, Inna. Gaban ko ƙwarzane babu.

INNA: Mutanen ciki fa?

AUTA: Ban... ban tambaya ba.

INNA: Ka ji mutum. Ka shiga motar mutane ka kwance musu kaya, ko lafiyarsu ba ka tambaya ba. Allah dai ya sa sun fita da ƙafafunsu.

AUTA: Amin.

INNA: To tun yaushe take wajen gyaran?

AUTA: Ta... ta ɗan kwana biyu.

INNA: Ayya! Shi ya sa. To da me kake zuwa aiki, ɗan nan?

AUTA: Ana dai lallaɓawa.

INNA: Kana shan wahalar motar haya ba ka faɗa min ba. Ni kuwa ina nan zaune ina ta saƙe-saƙe. Ka san da safe in na haɗa shayina, kujerar nan ta bakin taga nake ja. Tun kana kwanar mai faci nake jin ka. Gilashin tagar ne zai fara zizza, sai cokali ya kama rawa a cikin kofi. In ka iso ramin nan na ƙofar gida ka taka birki, sai ta yi wannan gurnanin nata, gir-gir-gir, kamar za ta zubar da kayan cikinta. Sai in ce to, Auta ya tashi lafiya.

AUTA: Inna...

INNA: Da yamma ma haka. To kwanan nan shiru. Shayi ya huce a hannuna, in sake ɗumamawa, ya sake hucewa. Har na ce ko an canza maka wajen aiki ne ka daina bin ta nan. Ashe baiwar Allah tana kwance a gareji. Ka yafe min, har na ɗan yi fushi da kai a raina.

AUTA: Haba Inna, ki daina cewa haka, don Allah.

INNA: A'a, gaskiya ce, na zarge ka a banza. Tsaya. Wa ke magana kusa da kai?

AUTA: Bakanike ne. Oga, don Allah ina waya! Ba da ke nake ba, Inna.

INNA: Me ya ce?

AUTA: Ba komai, zancen noti ne.

INNA: Auta, idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Cewa ya yi, "Biyun da muka ɗaura wancan karon sun biya, ko har yanzu tsohuwa tana kama ka in ka wuce?" Har da dariyarsa. Wace tsohuwa ce?

AUTA: Halo? Inna, layin nan...

INNA: Layi lafiyarsa ƙalau, ina jin numfashinka. Wace tsohuwa ce ke kama ka?

AUTA: Wasa yake yi. Kin san bakin 'yan gareji.

INNA: Na sani. Amma bai san ni ba, bai taɓa ganina ba. A bakin wa ya ji ni?

AUTA: A bakina.

INNA: To. Motar ba ta kwana a gareji ba ke nan.

AUTA: Ba ta kwana ba. An ɗaura biyu tun wancan zuwan, yau ta ukun muka zo cirowa. Tun ranar ta daina ƙara.

INNA: Kuma kana bin ta ƙofar gidana.

AUTA: Ina bi.

INNA: Safe da yamma.

AUTA: Safe da yamma, Inna. Har ina hango ki a tagar, da kofinki. Wallahi jiya sai da na kau da kai, na kasa kallon wajen.

INNA: Hmm.

AUTA: Ki yi magana mana, Inna. Ki zage ni ma, na yarda.

INNA: Ina sauraronka ne.

AUTA: Motar tana buƙatar gyaran, wannan ba ƙarya ba ne. Bakanike ya daɗe yana min faɗa, ya ce in na bari haka wata rana inji zai jirkice ya ja min wata ɓarnar. Amma na daɗe ina jin sa ina sharewa. Abin da ya sa na tashi na zo har nan... Inna, in na tsaya da safe sai kin ce in zauna, sai na sha shayi, sai na duba kwan fitila, sai kin ba ni labarin matar tela. In isa aiki a makare, maigida ya wanke ni tas a gaban mutane. In kuma na wuce ban tsaya ba, kafin in kai kwana kin kira, "Na ji ka wuce." Sai in wuni da maganar nan a ƙirjina. Ran nan na ce wa bakanike, cikin raha, ya yi min gyaran da ko ke ba za ki ji ni ba. Na faɗa ina dariya, amma har cikin raina nake nufi. Ban kyauta ba.

INNA: Ashe "na ji ka wuce" ɗin nan ciwo take maka.

AUTA: Ji nake kamar kina cewa na wofintar da ke.

INNA: Kai amma ka cika sakarai, ka yi haƙuri da kalmar. Na taɓa cewa don me ba ka tsaya ba?

AUTA: Ba ki taɓa ba.

INNA: To? Na ji ka wuce, na faɗa maka na ji ka wuce. Daɗi nake ji, shi ya sa nake kira. Ni ba na ganin fuskarka yanzu ko ka tsaya a gabana, Auta. Ƙarar nan ita ce fuskar da ta rage min. Da ka ce min, "Inna, kiran nan yana takura min," da na daina. Ba sai ka je ka tone motar mutane ba.

AUTA: Wallahi kunya ta hana ni.

INNA: Kunyar faɗa min, amma ba kunyar faɗa wa bakanike.

AUTA: Haka ne. Ba ni da bakin magana.

INNA: Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Na ji zafi sosai. Ka san abin da nake yi kwanakin nan? In ka wuce ina maka addu'a, Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zuciyar maigidanku. Da na daina jin ka, sai na rasa inda zan kai ta. Sai na ce to, duk motar da ta sassauta a ramin nan, bari in yi mata. In da kai a ciki, ta same ka. In ba kai ba ne, ai ɗan wata ne.

AUTA: Inna, don Allah...

INNA: Har motar kwasar shara na yi wa. Matar tela tana ta min dariya, wai na zama mai gadin titi. Ashe dai kana ciki. To ka ga ba ta faɗi ƙasa ba.

AUTA: Bari in ce ya mayar da tsofaffin. Oga! Ina robobin nan da ka cire wancan karon? Ka jefar? A ina?

INNA: Kai! Auta! Kada ka kuskura. Ka mayar da fasasshen abu a motar da kake ɗaukar jikokina? Kana da hankali kuwa? Inji ya faɗo maka a hanya ka ce saboda ni?

AUTA: To in na zo ramin zan riƙa danna hon.

INNA: Kowa hon yake dannawa a ramin nan. Mai babur ya danna, mai kaya ya danna. Ina zan gane naka?

AUTA: To zan riƙa tsayawa. Kullum. Zan fito da wuri, wallahi daga gobe...

INNA: Kada ka rantse. Za ka yi na ɗan lokaci, maigida ya sake wanke ka, ka dawo kana kau da kai daga tagata. Gara ka wuce da sakin fuska. Af, ga matar nan ta cikin waya tana min surutu, wai katin ya kusa ƙarewa.

AUTA: Kashe, yanzun nan zan kira ki.

INNA: Tsaya in faɗa maka tun ina da ƙarfin faɗa. Ka bar shi ya ɗaura ta ukun, motarka ta yi lafiya. Amma tunda kana cikin tsibin ƙarafa, tambayi bakaniken nan mai dogon baki. Ba wani ɗan ƙarfe, ɗan ƙarami, wanda ba ya cutar da komai, da zai rataya maka a ƙarƙashi? Wanda in ka shiga rami zai ɗan yi ƙas-ƙas?

AUTA: Inna...

INNA: Ba mai ƙara sosai ba, kada ka ji kunya a gaban abokan aikinka. Ni ko kaɗan ne zan ji. Kuma ba zan kira ba, na yi maka alkawari. Ba sai ka tsaya ba, ɗan nan. In dai ji ka wu...

AUTA: Inna? Halo? Inna! Oga, bar ta ukun nan, kada ka kwance komai. Sauke min motar daga kan jak, gidan Inna za ni. A'a, ba anjima ba, yanzu.