Takin da Ban Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Sunana Hajara, mai injin markaɗe a Ƙofar Durbi.

Bara wani mutum ya zagayo unguwarmu yana karɓar hoton katin shaidarmu, wai za a ba mata tallafi. Muka ba shi, tallafi shiru. Makon jiya sai ga mutum biyu daga wani kamfanin ba da rance, wai na karɓi taki buhu goma bashi a Batagarawa, in biya ko su ɗauke injina.

Na ce wa babbansu, "Malam, ni ko gero ban taɓa shukawa ba. Ina gonar?" Ya nuna mini takarda, ga sunana, ga dangwalen yatsa. Na ce a kawo tawada gaban mai unguwa in dangwala, a gwada. Suka ce sai sun dawo.

Wallahi ko kwabo ba zan biya ba. Malam, ina zan kai ƙara? Matan da muka ba da kati tare, ku fito. Ku kuma masu takarda, ina nan bakin injina, yatsana bai je ko'ina ba.