Takalmin Soja Mai Ƙyalli

A shagon wanki na bayan bariki, can ƙasar waje, wata dattijuwa ta ƙura wa matar soja ido.

"Baiwar Allah, kaki fes kike wankewa? Sabulu ya yi miki yawa?"

"Surukata za ta sauka gobe, Mama. Ba ta san an tura ɗanta bakin daga ba. Zan shanya, ta ɗauka yana gari."

"Sannu, mai dabara! Takalminsa fa?"

"Na goge, har ƙyalli yake."

"Kin tona kanki. Shafa masa laka. Uwar soja takalmi take dubawa, ta nan tawa surukar ta kama ni."

Matar ta yi dariya. "Naki ya dawo dai?"

Dattijuwar ta ci gaba da ninke zanenta. "Takalmin ya dawo."