Kwanon Baba Har Yanzu Cike Yake

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Hadiza ce daga unguwar Harobanda.

Mahaifinmu tela ne a kasuwar Katako. Kullum da azahar yakan tsallako gada ya ci abinci a gida, kuma sai ya yi gyaran murya a bakin ƙofa kafin ya shigo. Bai taɓa cinye abincinsa ba. Yakan turo mana kwanon har da naman, ya ce ya ƙoshi. Sai da na girma na gane ba ƙoshi ba ne.

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma har yau Inna tana zuba masa dambu, ta rufe da faifai, ta ajiye gefen tabarmarsa. Na ce, "Inna, Baba fa ya tafi." Ta ce, "Ke ba ki ji gyaran muryarsa ba?"

Malam, ranar Juma'a ni ma na ji. Na buɗe ƙofa, ba kowa sai rana.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in ɗauke kwanon ko in ƙyale ta? Mun kasa taɓa shi. Ragowarsa muka saba ci, ba mu taɓa samunsa cike ba.