Na Guje wa Tsadar Haya, Kuɗin Mota Ya Cinye Ni

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Sunana Sani.

Shekara uku ke nan rabona da gida Malumfashi. Masinja ne ni a wani ofis a Doka. Da a Abakpa nake zaune, bayan shagon wani tela. Tashar bas a ƙofar gida, ga masallaci, ga kemis, ga mai shayi, duk da ƙafa nake zuwa. Sai na yi wa kaina wayo, na koma sabuwar unguwa bayan Mando saboda arhar haya, wai in tara kuɗin zuwa ganin mahaifiyata.

Unguwar tana da tsabta, wannan gaskiya ne. Amma gidaje ne zalla. Ko gishiri za ka saya sai ka hau napep, kafin ka isa tasha kuwa ka biya sau biyu. Da na yi wa mai gidan ƙorafi, cewa ya yi, "Malam Sani, ka sayi mota mana."

Don Allah masu yanka filaye, ku fara ware wurin tasha, shaguna da ɗakunan haya su kewaye ta. Masu sauraro, in koma Abakpa ne?

Abin da na tara bana dai naira dubu tara ne.