Yadda Muka Binne Makin Ɗalibai da Hannunmu

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar kwalejinmu, shugabannin sassa, malamai, ma'aikatan ofisoshi, iyaye, da ku ɗalibai da kuka karɓi takardun kammala karatu yau, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana. Mu 'yan sashen kwamfuta ba a tunawa da mu sai abu ya lalace, shi ya sa da aka kira sunana yanzu sai da gabana ya faɗi. Alhamdulillahi, yau komai yana aiki, rabon da in yi numfashi mai daɗi irin wannan kuwa an fi wata biyu.

Abu uku zan faɗa.

Na farko, yadda muke adana bayananku. A ɗakin nan mai sanyi da ke ƙarshen baranda akwai manyan kwamfutoci biyu, muna kiransu Yaya da Ƙane. Ma'ajiyarsu ɗaya ce, amma ɗaya ne ke riƙe da ita a lokaci guda. Idan Yaya ya faɗi, Ƙane ya ɗauka, ya jona ma'ajiyar a wata jakar fayiloli da muka ware a cikin kwamfutar, aiki ya ci gaba ba wanda ya sani. Jakar nan ƙofa ce kawai. In an jona ma'ajiya, abin da aka zuba cikinta ma'ajiya yake tafiya. In ba a jona ba, sai ya zube a cikin kwamfutar kanta.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar da za mu gyara Yaya, ina sauri, na mayar da aiki kan Ƙane da hannuna maimakon in bar tsarin ya yi da kansa. Na kunna manhajar shigar da maki, na manta ban jona ma'ajiya ba. Da yake sabon zango ne, jakar babu komai, ba wanda ya yi mamakin ganinta fayau. Kwana tara sakatariyar ofishin jarrabawa, wadda kowa ya sani da Uwar Ofis, tana shigar da makin ɗalibai ɗari huɗu da sha biyu. Da muka mayar da aiki kan Yaya, sai aka nemi maki aka rasa, ko na mutum ɗaya babu.

Mun duba Yaya, babu. Mun koma kan Ƙane, babu. Ku ji inda gwanintarmu ta kai mu: duk lokacin da za mu duba Ƙane, sai mu fara jona ma'ajiya tukuna, domin haka aka koya mana, haka hannunmu ya saba. Ashe da mun jona, sai ta rufe abin da ke ƙasa, kamar mai neman allura da ya shimfiɗa tabarma a kanta ya zauna. Sau bakwai muna nema, sau bakwai muna binnewa.

Ni ne na rubuta rahoto cewa na'ura lafiyarta ƙalau. Da wannan rahoto aka ba Uwar Ofis takardar tuhuma, aka dakatar da ita, saura wata biyar ta yi ritaya bayan shekara ashirin da shida. Ta same ni a ofis ta ce, "Ɗana, ni ban san kan injinku ba. Amma yatsun nan sun san sun shigar."

Na ce, "Mama, kwamfuta ba ta ƙarya."

Allah ya saka wa mataimakiyata da alheri. Ita ta lura cewa faifan ajiya da ke cikin Ƙane kansa ya cika fiye da abin da muke gani a kansa. Ta ce, "Oga, yau kada mu jona, mu leƙa haka nan." Muka leƙa. Ga su nan reras, da ranaku, da sa'o'i, da sunan wadda ta shigar, ko ɗigo bai ɓace ba. Wallahi a ƙasa na zauna.

An dawo da Uwar Ofis bakin aikinta, mu kuma mun gyara. Yanzu jakar a kulle take, ba ta karɓar komai sai an jona ma'ajiya. Manhaja ba ta tashi sai ma'ajiya ta riga ta. Kuma babu mai sake mayar da aiki da hannu, har da ni, musamman ma ni.

Na uku, shi ne ya tsayar da ni a nan. Mama, na je gida na ba ki haƙuri, kin ce ya wuce, har kika hana ni tafiya sai na sha ruwa. Amma a allon sanarwa aka liƙa dakatarwarki, kowa ya karanta. Saboda haka a gaban kowa zan faɗa: ba ki yi sakaci ba, ba ki yi ƙarya ba. Na gaskata inji na ƙaryata ki, alhali hannuna ne ya yi ɓarnar. Ki yafe mini. Ɗalibai, takardar da ke hannunku aikinta ce, ku tashi ku gaishe ta.

Allah ya sa ta gama aikinta da mutuncinta. Allah ya yi wa ɗalibanmu albarka, ya tsare mu daga ɗora wa wani laifin da ba nasa ba, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.