Reshen da Ke Tare Haske

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton tsuntsayen daji, manyan baƙi, iyayenmu mata, abokan sana'a, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ɗora mini alƙalancin gasar bana, ina kuma godiya ga masu ɗakin nan da suka ba mu bango muka rataye hotunanmu.

Magana ta farko, hoton da ya fi kowanne kyau shi ne na ɗan'uwanmu Dogo: uwar shaho a bakin sheƙa, ta ɗauko ɓera, 'ya'yanta uku sun wage baki. Haske ya zauna, ido ya fito, gashin fiffike sai ka ƙirga. Ni da gemuna ya yi fari a bayan kyamara ban taɓa samun irinsa ba.

Magana ta biyu, wannan hoto ba zai ci komai ba. Duk wanda ya taɓa kwanciya cikin ciyawa cinnaka na cizonsa ya san shaho ba ya gina sheƙa a fili. Na tambayi Dogo yadda aka yi ganye ya kauce masa. Bai ɓoye ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, reshe ɗaya ne fa, yana tare mini haske, sai na hau na sare."

To, abin da mai kyamara ke kira tare haske, shi tsuntsu ke kira inuwa. Na je na gani da idona. Cikin 'ya'yan nan uku, rana ta kashe ɗaya, hankaka ya ɗauke ɗaya, saura ɗaya. Ban faɗi haka don a ci fuskar Dogo ba, domin da yawanmu, da a ce zarto na hannunsu a ranar, Allah kaɗai ya san abin da za su yi.

Magana ta uku ita ce ta gobe. Na ji an ɗauki mota, an cika batura, za a tafi ganin sheƙar da safe, tunda yanzu babu abin da ke tare ta. Jama'a, uwar ba ta sauka muddin akwai mutum a gindin bishiyar. Za ta yi ta kewaya a sama da abinci a ƙafarta, mu kuma muna ƙasa muna gyara ruwan tabarau, ɗan kuma yana tsakani ba inuwa ba abinci. Saboda haka na sallami direban tun ɗazu. Mai son hoton wannan ɗan shaho ya jira ranar da zai tashi, in yana da rabon tashi.

Allah ya ba mu haƙurin jira, ya kare mu daga son zuciya, ya mai da kowa gidansa lafiya, shi kuma wanda ya rage Allah ya raya shi.

Na gode.