Wutar da Muka Sa wa Kacala

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sale daga Katagum, aikina yankan kacala, muguwar ciyawar nan da ta cinye mana fadama.

Watan jiya aka kai mu wani tsibiri a kwalekwale. Mu dai a ƙarƙashin ruwa muke yanke ta don ta ruɓe, amma shugabanmu ya ce, "Ku banka mata wuta, mu huta!"

Wuta ta koro macizai kanmu, muka yi ta sara da adda. Wani maciji ya sari abokina Buba a ƙafa, kafin mu kai Azare ya cika.

Jiya na koma, wallahi kacalar ta tsiro shar. Jama'a, in ci gaba, ko in ajiye addata?